Ranar da Na Kira Baba Gwani

Baba mai rowar yabo ne. Ci da sutura bai rage mu da komai ba, amma kalmar "gwani" kam, gara a cire masa haƙori da ta fito daga bakinsa. Ɗinkin hula ne sana'arsa. Tun yana saurayi ya baro Kano ya zo Maiduguri, ya koya a hannun Barebari, ya zauna a Jiddari Polo, a nan aka haife mu.

Yana da wata ɗabi'a. In aka miƙo masa hula don ya gani, ko kallon adon waje ba ya yi. Juya ta yake yi, ya bi cikinta da babban yatsa a hankali, yana neman ƙulli ko zaren da ya tsallake. Yawanci sai ya mayar wa mai ita ya ce, "Ya iya." In abin ya burge shi ƙwarai, "Ya ƙware." Daga nan ba ƙari.

Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, ai an ce yabon gwani ya zama dole."

"Na gwani aka ce, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Wanda ya iya, ido yake yi wa aiki. Gwani kuwa, ko inda ba mai dubawa bai yarda ya ji kunya ba."

A iya sanina mutum ɗaya ya taɓa ba wa wannan suna, wani tsoho ɗan Bama, shi ma sai da aka dawo daga jana'izarsa. Yanzu kuwa wa aka bari? Mai suyar awara gwana ce, mai gyaran waya gwani ne. Haushi abin yake ba ni, ko da yake ni ce ta ƙarshen da ta isa ta yi magana.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai yarda ba. Masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya gaya masa dalili. Shi kuwa ya kama wata hula, ya yi wata huɗu a kanta.

Wata Juma'a bayan la'asar na zo daga gidana a Maisandari, na same shi a kan tabarma a gindin darbejiya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ɗora mini hular a cinya.

"Uwata, duba mini. Idona ya daina gaya mini gaskiya, yatsun ma sun yi kanta. In aikin ya lalace ki faɗa, in ajiye allura da mutuncina."

Tun daga waje na ga aikin ya lalace. Layuka sun karkace, shuɗin zare ya shiga inda kore ya kamata ya bi. Wannan hannun ne fa da masu aure ke jira wata da watanni. Tausayi ya kama ni, tsoro kuma ya hana ni duba cikin. Na riƙe ta kawai, na gyara murya na ce, "Baba, ai kai gwani ne."

Sai ya miƙo hannu, ya lalubi hular, ya shafa samanta sau ɗaya.

"Ban ji kin juya ta ba," ya ce.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Gaskiya ya roƙa a wajena, ni kuwa na ba shi kalmar da ya yi shekara da shekaru yana tattali, yadda ake ba yaro alewa don ya yi shiru. Ya tura gwangwanin allurarsa ƙarƙashin tabarma, ya tambaye ni lafiyar yara.

Ya yi shekara biyu bayan nan, bai sake zura zare ba. Da ya rasu aka raba kayansa, ba wanda ya nemi hular, sai na ɗauka. Tana cikin akwatina, kuma har yau ban juya ta ba.