Kwanon Miyar Renata

Renata Wojcik ta sha kayenta na farko ne a kan askirim. Satinta guda da fara koyon aiki a wani kamfanin talla a Chicago, ta iske tsohuwa Lorraine, mai gyara abinci don ɗaukar hoto, tana cusa dakakken dankali a kofi tana zuba masa launi don ya fito kamar askirim.

"Mama, wannan ai zamba ce! A kawo na gaske."

"To, malama mai boko. A kawo mata."

Aka kawo. Fitilun ɗaukar hoto kuwa zafinsu kamar murhu. Kafin mai kyamara ya gyara tsayuwa, askirim ya narke, ya bi teburi, ya sauka a kan takalmin maigida Halvorsen. Lorraine ko kallonta ba ta yi ba, ta ce, "Miƙo min zambar nan, 'yata."

Renata yarinya ce mai hannu, in ta zana kare sai ka ja da baya. Amma wanda ke tsara kamannin talla ba zane yake yi ba, zaɓe yake yi. A jera mata hotuna tamanin na cokali ɗaya, a ce ta fitar da wanda ya fi fara'a. Cokali fa!

Al'adar gidan ita ce kowa ya liƙa tunaninsa a bango ran Litinin. Halvorsen ya bi yana tsinkewa, ba uhm ba uhm-uhm, sai ƙarar takarda. Nata goma sha ɗaya sun mutu a haka. Ga shi makarantarsu ba ta ba da shaidar gamawa sai ɗalibi ya nuna talla guda da ta fita duniya, wadda tunaninsa ce. Saura mata sati uku. Tafiya ba ta yiwuwa, zaman kuma ya zame mata ƙaya. Kullum tana cin burodinta a gaban kwamfuta, tana matsar da sunan wani kamfani taku ɗaya hagu, a ce ta maido shi dama.

Na sha biyu ne ya tsira a bango: tallar miyar gwangwani. Kwano ne wayam, an suɗe shi tas da ɓallin burodi, sai farar takarda kewaye da shi.

Ranar nunawa mai kamfanin miyar ya zo da kansa, wani Mista Prewitt, mai tumbi da agogon zinariya. Ya ce a ƙara wa sunansa girma. Renata ta ƙara. A ƙara kuma. Ta sake ƙarawa. Halvorsen yana taka mata ƙafa a ƙarƙashin teburi don kada ta yi magana.

Sai Prewitt ya karkata kai. "Tsaya. Ina miyar? Ku cika kwanon nan, a sa tururi, a sa yara suna dariya."

In aka cika kwanon, tallar ta tashi daga tata.

"Yallaɓai, a bar shi haka."

"Yarinya, shekara talatin ina sayar da miya. Wa ya taɓa tallar miya babu miya?"

Renata ta janye ƙafarta daga ƙarƙashin ta Halvorsen.

"Yallaɓai, a gidanmu miyar da ta rage a kwano, ita ce wadda ba ta yi daɗi ba."