Fuskarsa a Ƙarƙashin Malafa

Ni ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne maƙwabciyata tana rubutawa, in kuka ya zo mini sai ta ajiye biro ta jira.

Mijina masunci ne a tafkin Njuwa. A shekarun da bama-bamai ke tashi a Jimeta, ya tafi kasuwa sayen zaren gyaran koma, wato ragarsa ta kamun kifi, bai dawo ba. Abin da aka kawo mana a likkafani ba a bari na buɗe ba. Ba ya son hoto, shi ya sa guda ɗaya tak muke da shi. 'Yarmu ce ta ɗauke shi da waya ba da saninsa ba, yana zaune a bakin kwale-kwale, koma a cinya, malafa a ka, gora da filafili a gefensa.

Bayan rasuwarsa na koma gidan 'yar tamu a Jambutu. Malama ce a kwaleji, kiwon kifi take koyarwa. Shekarar korona da aka rufe makarantu, aka ce su zuba darussa a intanet, ɗalibai su karanta daga gida. Ta nemi izinina ta sa hoton babanta a darasin kayan kamun kifi. Na yarda, don na ɗauka za a san shi.

Ina zaune a tabarma na ga yadda take aikin a kwamfuta. Sai ta zana ɗan akwati a kan koma, wani a kan gora, ta haɗa kowanne da bayaninsa. Akwatin ba ya bayyana ga ɗalibi, amma in ya taɓa wurin, rubutu ya fito. Da ta gama ta miƙo mini wayarta ta ce in gwada.

Ban taɓa koma ba, ban taɓa gora ba. Fuskarsa na taɓa. Rubutu ya fito. Na tambaye ta me aka rubuta game da shi.

Ta karɓi wayar ta duba. Sannan ta ce, "Dada, bayanin malafa ne. An ce da kaba ake saƙa ta, tana kare masunci daga rana."

Ashe akwatin da ta zana wa malafar ya sauko har haɓarsa. Duk ɗalibin da ya ɗora yatsa a fuskar mijina, zancen kaba zai gani. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar jana'iza. Ita ma ta yi. Ta ce za ta cire hoton ta nemo na wani masunci. Na hana. In aka cire shi, ba sauran inda zai zauna a gaban mutane. Na roƙi ta rubuta ko wane ne shi, ta ce dokar makaranta ba ta yarda a sa labarin iyali a darasi ba.

Na ce, "To, ɗage akwatin daga fuskarsa."

Ta rage shi ya tsaya iya malafa. Har yau hoton yana nan. In ta dawo daga aiki nakan karɓi wayar in taɓa fuskarsa. Ba abin da ke fitowa.