Ƙugiyar da Ta Faɗi a Tottenham

Shekara tara na yi ina buga tafireta a wata ma'aikata a Kano kafin aikin maigidana ya kawo mu London, don haka ba na shakkar kowa a kan rubutun Hausa. Da wata ƙungiyar kula da lafiya a Tottenham ta nemi mai yi mata fassara, kafin a rufe baki na ce ga ni.

Kwamfutar gidanmu tsohuwa ce, ba ta san ƙ, ɗ da ɓ ba. Wani abokin maigidana mai karatun injiniya ne ya zana min su, ya ɗora ƙ a mazaunin q, ɗ a na x, ɓ a na v, tunda Hausa ba ruwanta da waɗannan ukun. In na danna q sai ƙ ta fito da ƙugiyarta tsaf. Har baƙi nake nuna wa, kamar na yi sabbin kujeru.

A tsakiyar shekarun casa'in aka ba ni takarda a kan gwajin ƙarfin ƙashi na mata masu shekaru. Na zauna na yi ta da kyau saboda Hajiya, mahaifiyar maƙwabciyata, wadda bayanta ya fara ranƙwafawa amma ta ƙi asibiti ƙememe. Ta yi ajin yaƙi da jahilci a gida, kuma abin da ta karanta da idonta shi kaɗai take yarda da shi.

Na sa aikin a faifai na kai ofishinsu. Ashe sun sauya kwamfutoci, sabuwar kuma ba ta karɓar haruffan da aka zana wa tsohuwa. Ta watsar da su, q da x da v suka dawo. Sakatariyarsu, Baturiya ce, ta ga rubutu ya hargitse, sai ta kira direbansu, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, tunda yana jin Hausa. Shi kuwa a bakinsa ƙ da k duk ɗaya ne. Ya sa aka mai da kowace q ta zama k, x ta zama d, v ta zama b, aka buga kwali guda ban sani ba.

Maƙwabciyata ce ta ƙwanƙwasa min ƙofa. "Maman yara, na yi wa Hajiya booking ɗin gwajin, ta ce in yi cancel. Zo ki ji da kanki."

Na tarar da Hajiya riƙe da takardar da yatsu biyu.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Hajiya."

"Da girmana za a auna min kashi? A kwalba zan zuba in shiga bas da shi?"

Na karɓa na duba: "Ku zo a auna karfin kashinku. Idan kashi ya yi laushi, a gaya wa likita." Kunya ta rufe ni, sai kuma raina ya ɓaci, don na san ba haka na rubuta ba.

Ko mayafi ban sauya ba na nufi ofishin. Da na nuna musu kuskuren, dattijon ya ce min, "Hajiya, kashi kashi ne, duka daya. Mu a zongo haka mu ke fadi."

Na ce, "Baba, na cikin jiki daban, na bayan gida daban."

Ya kama baki, ya tuntsire da dariya har da hawaye, sannan ya ba ni haƙuri. Sakatariyar ta ce kafin a sake bugawa ranar gwajin ta wuce. Na ce ta ba ni kwalin.

Yini biyu na yi a teburin cin abinci da baƙin biro, ina yi wa kowace k da d da b da ta cancanta ƙugiya, kamar yadda muke yi a Kano zamanin tafireta. Hannuna ya yi tsami, amma ban tsallake ko ɗaya ba.

Na kai wa Hajiya tata. Ta sa tabarau, ta bi layin da yatsa a hankali, ta tsaya a kan ƙ.

"Wannan 'yar lanƙwasar ce ta so ta hana ni magani?"

"Ita ce, Hajiya."

Ta kai hannu ta dafa bayanta, ta ɗan jima a haka. Sannan ta dubi 'yarta.

"Kira su. Ki ce ina zuwa, da ƙashina."