Lantana da Ƙwayar Farfaɗiya

Faɗan Lantana mai farfesu da maƙwabciyarta, tsohuwa Tasalla, a kan wata 'yar ƙwaya fara aka yi shi, a Ƙofar Rini, zamanin soja, shekarar da kuɗin Udoji suka cika gari. Tasalla ta ga Lantana tana jefa wa ɗiyarta Sadiyatu ƙwayar a baki, ta kuwa gane ta, don irinta ƙanenta mai farfaɗiya yake sha. Kafin azahar duk unguwa ta ji. To, wa zai ci abincin gidan farfaɗiya, ana cewa a miyau ake ɗauka? Tukunya ta wuni cike.

Lantana ta fito har tsakar gidan Tasalla, ludayi a hannu. Ta ce yarinyar ba ta taɓa faɗuwa ba, shawara gare ta tun haihuwa, idanu kamar an ɗiga manja. An sha saiwa, an yi turare, a banza. Likita ne ya ce hantar ragguwa ce, ƙwayar kuma tashinta take yi, ta kwashe rawayar daga jini ta zuba a matsarmama.

"Ni ɗiyar mahauta ce, Inna. Hantar da na yanka ta fi gashin kanki yawa. Ke mi kika sani?"

Tasalla ta ce ta san dai ba a ba mai lafiya maganin bugun tsuntsu. Suka yi wata bakwai ko gaisuwa babu.

Da wata ce, da ta ɓoye kwalbar maganin a ƙarƙashin tabarma. Lantana a bakin murhu take ajiye tata, gaban kowa. Dangin mijinta suka ce ta daina, sunan yarinya zai ɓaci, ta ce gara a rasa sunan da a rasa yarinyar. Masu saye suka gudu, sai ta ɗauki tukunya ta bi leburorin da ke shimfiɗa kwalta hanyar Wamakko, waɗanda yunwa ba ta bar su tambaya ba. Ko zazzaɓi ya kai Sadiyatu asibiti, sai ta tsare malamin ta faɗa masa ƙwayar nan na sa hanta cinye sauran magunguna da wuri, ya duba kafin ya rubuta. Wasu su yi tsaki, amma su duba.

Idon yarinya ya washe sannu a hankali. Tasalla ta gani ta kan katanga, ta aiko da kwano a zuba mata na sule biyu. Haƙurin da ta bayar ke nan.

Sadiyatu na da shekara tara ciwon ajali ya kwantar da uwar. Ba mutuwar ke damunta ba, baffannin yarinyar ne, ta san ranar uku za su watsar da maganin. Tasalla ta zauna bakin gado, ta ƙulle kwalbar a haɓar zanenta.

"Yi tafiyarki, Lantana. Kullum da hannuna zan ba ta. Wanda ya ƙi, ya san ƙofata."