Muntari da Wayar Malam Ɗayyabu

Muntari ɗan Dakko ne, can ƙasar Bakura, amma a Talata Mafara aka san shi, a wata 'yar rumfar kwano kusa da tasha inda yake gyaran waya. Bokonsa bai wuce sakandare ba, sai dai Allah ya ba shi hannu. Wayar da kowa ya ce ta mutu, shi zai buɗe ta, ya yi mata fulashin, wato ya sake zuba mata manhaja, ta tashi.

Kawunsa Malam Ɗayyabu, mai karantar da fiƙihu a Maradun, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Ciwon suga ya ci idon Malam a hankali, har ya kai ko saƙon waya sai an karanta masa. Wannan ya fi makantar ci masa rai, domin magidanta da matan aure kan turo masa tambayoyin da ba su so kowa ya ji.

Ana haka wani kamfanin ƙasar waje ya fitar da sabuwar manhajar waya don gwaji, wadda ke karanta rubutu da murya, har da Hausa. Muntari ya yi rajista cikin masu gwaji. Dogon Turancin sharuɗɗa ya bayyana, ya danna yarda ya wuce. Manhajar kuwa don wayar kamfanin kaɗai aka yi ta, wayar da kuɗinta zai sayi bijimi. Mako uku ya yi yana fama ya cusa ta cikin tsofaffin wayoyi masu araha. Biyu suka ƙone. Ta ukun ta yi magana.

Da ya kai ta Maradun, Malam ya kara ta a kunne, ya saurara, ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

"Wagga aba Hausarta ta baƙi ce, Muntari, amma na gane. Allah shi yi ma albarka."

Daɗin haka ya sa Muntari ya riƙa aika wa kamfanin gyare-gyare ta wayar Malam duk mako in ya je gaishe shi, yana nuna masu kalmomin da muryar ke kwafsawa. Bai san kowane rahoto na tafiya da sunan wayar da ya fito daga cikinta ba.

Bayan wata biyar, ran wata kasuwar Talata, aka aiko masa da wayar daga Maradun. Ta yi tsit, sai layi biyu na Turanci a fuskarta. Ya duba imel ɗinsa, ya tarar da wasiƙa. Ya kai wa Vivian, ma'aikaciyar sakatariya da ke kawo masa gyara.

Ta karanta, ta ɗago. "Muntari, sun ce lasisin gwaji ne, a kan wayarsu kawai aka yarda a sa ta. Sun kulle wannan, sun cire ka daga masu gwaji har abada."

"To, gyaran da na yi masu fa, Madam?"

"Yana nan a rubuce. Duk abin da ka aika ya zama nasu."

Sau uku Vivian ta rubuta masa roƙo, tana bayyana cewa don makaho aka yi. Sau uku amsa iri ɗaya ta dawo, ko waƙafi bai canza ba.

Muntari ya san hanyar da zai sake cusa manhajar ba tare da an gane ba. Ya je ya gaya wa Malam. Malam ya ce, "Da kanka ka yarda da sharaɗin nasu?"

"Na danna, Kawu, amma ban karanta ba."

"To alƙawari ne. Kar ka sake. Ba ni jin fatawa ta hanyar da aka karya alƙawari."

Muntari ya fito zaure yana huci. Kamfanin da ya cuce su, shi kawunsa ya bai wa gaskiya.

Shekarar da ta biyo baya, manhajar ta fito kasuwa, Hausarta tas, a wayar da ba mai ita a duk layin tasha. Muntari ya daina fulashin. Yanzu gilashi yake canzawa da bakin caji. In aka kawo masa wayar da manhajarta ta rikice, ko buɗewa ba ya yi, sai ya miƙa wa mai ita ya ce a kai Gusau.