Gurbin Yatsa Biyu

Rilwanu kafinta ne a unguwar Mahjar, Bahaushen Sudan, shekara sittin da ɗoriya. Ba shi da mota, ba shi da gida nasa, amma wallahi babu wanda nake hassada a Jidda kamarsa.

Abin da ya haɗa mu tsofaffin magogan katako ne, waɗanda a nan ake ce wa fara. Ni ina da arba'in da uku a cikin gilashi, na san tambarin kowace masana'anta. Shi bakwai gare shi a cikin buhun shinkafa, ko karatun boko bai iya ba. Sai ya rufe ido, ya shafa, ya ce maka wannan mai shi bahago ne, wancan kuma rago ne wajen wasa wuƙa. Kai, abin haushi, bai taɓa kuskure ba!

Shekara ashirin ya yi a shagon mahaifina a unguwar Ruwais, suna sassaƙa tagogin katako. Ni kuwa Baba makaranta ya tura ni. Bayan rasuwarsa aka yi ƙaura, magoginsa ya ɓata, na shekara tara ina nemansa.

Wata Asabar muka je kasuwar gwanjo tare. Na ga wani baƙin magogi cikin tarkacen famfo, babu tambari, na juya shi, na mayar. Rilwanu ya ɗauka. Yana ɗora hannu sai ya kira sunana.

"Majid, na Baba ne."

"Haba Yaya Rilwanu, wannan ruɓaɓɓen?"

Ya nuna mini gefensa, inda babban yatsa ya ci itacen har ya yi gurbi. Raina ya ɓaci. Ni ɗan cikinsa na riƙe na ajiye, sai ga bare ya gane shi!

"Halas, naka ne, gadonka ne," ya ce, ya miƙo mini.

Muka wuce shagonsa don in gwada. Na tura a kan katako, ya cije. Na sake, ya cije. Rilwanu ya karɓa, ya ɗan ƙwanƙwasa wuƙar da guduma sau biyu, ya tura sau ɗaya. Ɓawon katako ya fito siriri yana nannaɗewa, da irin ƙarar da nake ji daga bakin ƙofa ina yaro, don Baba ba ya bari in shiga.

A nan na lura gurbin ba ɗaya ba ne. Akwai wani a bayansa, ya ɗan fi faɗi. Na sa yatsana a na farko, bai zauna ba. Na sa a na biyu, bai zauna ba.

"Wannan na biyun na wane ne?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai, ya ɓoye hannunsa a aljihu.

Na ɗauki abina na tafi, ko sallama ban yi masa ba. Kwana uku magogin ya yi a gilashina. Ran na huɗu na kai masa, na tura cikin buhun shinkafar nan da hannuna, kuma har yau ban yafe masa ba.