Ranar da Dutse Ya Yi wa Kakata Shaida

Shekarun baya, lokacin da nake jin duk faɗin Minna babu mai kunne irin nawa, ina da wani shafi da nake rubuta ra'ayina a kan sababbin faifan kiɗan rok. Mabiyana a lokacin ba su cika motar haya biyu ba, rabinsu ma 'yan ajinmu ne da suka bi ni don kunya. Amma in ka ga yadda nake rubutu, sai ka rantse mawaƙan can ƙasashen sanyi ba sa iya cin abinci sai sun ji hukuncina.

Abokina ne ya jefa ni cikin harkar. Shi ke kaɗa jita a cocinsu da ke Sabon Gari, ni kuwa ko tafi ban iya yi daidai ba, sai baki. Duk faifan da ya fito sai mu saurara tare, ni in koma gida in ba faifan maki cikin goma. A shekarar nan na ce wani faifan an wanke shi da sabulu har ɗanɗanonsa ya fita, na ba shi huɗu. Wani na ce mai gangarsu ne kaɗai ya zo aiki, sauran rakiya suka yi. Akwai guda ɗaya da ya tafi da ni gaba ɗaya: yana farawa a hankali, jita ɗaya tana kuka ita kaɗai, can sai komai ya rufto a kanka lokaci guda. Shi na ba tara, kuma safe da yamma shi nake sakawa a ɗakina a Dutsen Kura.

A wannan lokacin ne aka kawo kakata, mahaifiyar mahaifiyata, daga ƙauyensu da ke kan hanyar Wushishi, don a yi mata aikin yanar ido. Ni ne jikanta namiji na fari, saboda haka tun ina cikin zanen goyo “angona” take ce mini. Kullum cikin tsokana muke, ta ce na kasa ciyar da ita, in ce ta tsufa zan sake sabuwa.

Wata rana da hantsi na ƙure sifika, sai ga ta a bakin ƙofa tana lalube, ido ɗaya a rufe da auduga.

“Angona, injin markaɗen waye ya lalace?”

Na ce mata waƙa ce. Ta ce wace iri? Sai na gyara zama irin na malamai, na ce sunansa rok, kuma da Turanci rok dutse ke nan. “Kin ga, kiɗan dutse ke nan, Kaka.”

Ta karkata kai tana saurare. Sannan ta ce, “An cuce ka. Wannan ba kiɗan dutse ba ne. Ni na kaɗa dutse, na san muryarsa.”

Na tambaye ta ko dutsen niƙa take nufi. Ta ce a'a. Ta ce a bayan ƙauyensu akwai wani dutse a kan tudu mai baki bakwai, kowane baki da muryarsa. Suna 'yan mata, in an gama girbi, sukan hau su kaɗa shi, a ji har ƙauye na gaba. Ta ce ita ce mai bakin tsakiya, don hannunta ya fi na kowa sauri.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ban tsaya nan ba, na ɗauki waya na rubuta a shafina cewa yau na gano kakata tsohuwar 'yar rok ce, har tana da ƙungiya, dutse ne jitarsu. Ban taɓa rubutun da ya samu dariya kamar wannan ba, har na ji kaina ya ƙara girma.

Baki shi ke yanka wuya. Rubutun ya yi yawo har ya isa wayar kawuna, babban ɗanta, wanda yake aiki a Kaduna kuma maganarsa ce ake bi a gidan. Dama ya daɗe yana son a raba ta da ƙauye, yana cewa bai dace tsohuwa ta zauna ita kaɗai ba. A satin nan kuma ta zuba gishiri a shayi, ta kira ƙanwata da sunan wata 'yarta da ta rasu tuntuni. Da ya haɗa da maganar dutse mai baki bakwai, sai ya kira mahaifiyata ya ce magana ta ƙare, gigin tsufa ne, ba za ta koma ba. A sayar da awakinta, a ba wani gonar.

Mahaifiyata ba ta iya kare ta ba, don ita ma ba ta taɓa jin labarin dutsen ba. An daina hawansa tun kafin a haife su, da masu zuwa masallaci da masu zuwa coci duk suka ce abin da ne, aka bar shi.

Kakata ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaure kayanta a zani ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna kusa da su. Abinci sai ta taɓa ta ture. A can ƙauyen ne kabarin mijinta yake, da riɗin da ta shuka da hannunta, da ƙawayen da suka rage mata. Rana ta uku na kai mata kunu, sai ta kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

“Kai ne ka rubuta ni a waya?”

Na ce wasa ne, Kaka.

“To, wasanka ya hana ni gida.”

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na fita na rasa inda zan sa kaina, na tafi wurin abokina na faɗa masa. Ya ce, “Kai ma ka cika surutu. To yanzu mene ne? Mu kai ta wurin dutsen mana. In akwai dutse, akwai. In babu, ai ka san ka gama da ita.” Na kira kawuna na faɗa masa. Ya ce ba shi da lokacin shirme, amma mu je, in dutse ya yi magana shi da kansa zai bar ta ta koma gida. Yana faɗa yana dariya. Kakata kuwa da ta ji, cewa ta yi, “In bai yi magana ba, ku dawo da ni, ba zan ƙara tambayar gida ba har in mutu.”

Gaskiya ban yarda akwai dutsen ba. Na tafi ne don in wanke laifina, ina ta shirya kalaman da zan lallashe ta da su a hanyar dawowa.

Ranar Asabar da sassafe abokina ya aro motar yayansa muka kama hanya. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsayi. A gindin tudun muka bar motar. Hawan da yaro zai yi a minti goma ya ci mana fiye da awa, tana riƙe da kafaɗata, tana hutawa, tana nuna hanya da sanda. Ni da idanuna biyu ban ga hanya ba, ita da ido ɗaya ba ta ɓata ko sau ɗaya ba.

A saman muka tarar da wani faffaɗan dutse kwance a kan wasu, girmansa ya kai tabarma biyu. Ba shi da wani kyau. Ta durƙusa tana shafa gefensa, sai na ga tafin hannunta yana faɗawa cikin wasu ramuka masu santsi kamar cikin ƙwarya. Na ƙirga su a zuciyata, bakwai cif. Ta laluba ta ɗauki wani dutse daidai cikin hannu, ta ɗaga, ta buga a ramin tsakiya.

Ƙwas. Irin ƙarar da kowane dutse zai yi.

Ta sake bugawa. Ƙwas. Abokina ya kalle ni, na kalli ƙasa. Na ji tausayinta ya cika mini ƙirji har na fara cewa, “Kaka, ba komai, wataƙila da can...”

“Yi mini shiru.”

Ta kwantar da kunnenta a kan dutsen, ta buga a hankali. Sannan ta zura sandarta ƙarƙashinsa, sandar ta ƙi shiga. Ta ce, “An toshe masa ciki. Wa zai yi magana da ƙasa a bakinsa? Ku tone.”

Ashe shekara da shekaru ruwa yana kwaso ƙasa yana cusawa a ƙarƙashin, har saiwoyi sun kama. Muka tuɓe riguna. Da ƙarfen taya da hannu muka yi ta tono, muna jan saiwa, muna tsoron kunama. Ni mai ba mawaƙan duniya maki, ga ni a kwance rub da ciki ina yaƙi da tururuwa. Sai da rana ta take sannan haske ya fara ratsowa ta ɗaya gefen. Ta zura sanda, sandar ta wuce. Ta ce mu matsa.

Ta buga.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba, kuma ni ne mai yawan kwatance. Ƙara ce kamar ta ƙararrawa, amma mai zurfi, ta fito daga cikin dutsen ta bi ta tafin ƙafata ta hau har haƙorana, ta tafi can kan gonaki ta daɗe ba ta mutu ba. Kafin ƙarar ta lafa, kakata ta buga ramin da ke kusa da na tsakiyar, wata murya daban ta fito, siririya. Sai ta ɗauki dutse na biyu a hagu. Tsohuwar da na hau da ita tana nishi, hannuwanta suka fara gudu a kan ramukan nan har idona ya kasa bin su, tana rera waƙa da Gbagyi, muryarta tana rawa amma kiɗan ko kaɗan bai yi rawa ba.

Abokina, wanda ya shekara goma yana kaɗa jita, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. “Yesu,” ya ce a hankali. “Kowane rami da nasa sautin. Wa ya gyara wannan? Wa ya gyara shi?” Ni ban da “Allahu Akbar” babu abin da ke fita daga bakina.

Can sai muka ji guɗa daga ƙasa. Wata tsohuwa ce take hawowa da rarrafe, ƙawar kakata tun suna yara, ta baro wankin kayan cocinta a rafi da ta ji sautin. Ba su ko gaisa ba. Ta ɗauki dutse ta zauna a bakin ƙarshe, ta shiga daidai inda ya kamata ta shiga, kamar jiya suka tashi.

A kan tudun ne kaɗai ake samun sabis a yankin. Na kira kawuna, ban ce komai ba, na miƙa wayar wajen dutsen. Da na mayar da ita kunnena na ɗauka layin ya yanke. Sai na ji numfashinsa. Ya ce, “Wannan waƙar ce take yi mana in zazzaɓi ya kama mu. Da yatsu take kaɗa ta a bayanmu. Ban san daga dutse ta samo ta ba.” Na ji yana share hanci. “Ku bar ta a gida. Ka ce mata ta yafe mini.”

Shekara huɗu ta ƙara a ɗakinta, da awakinta da riɗinta, kuma a can Allah ya karɓi abarsa, kusa da mijinta. Na ɗauki kiɗan a waya ranar, amma in ka saurara ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas da iska. Na daina saka wa mutane, don kallon da suke yi mini shi ne irin wanda na yi mata.

Har yau ina sauraron rok, har yau ina rubuta ra'ayina, kun sani. Faifan nan da na ba tara ma yana nan, ina son sa. Sai dai hannuna ya yi nauyi wajen cewa abu ba shi da murya, ko faifai ne ko mutum. Nakan fara tambayar kaina ko akwai ƙasar da ban tone ba. Kuma na daina ba da maki, ga dalilin.

Da suka gama kiɗan ranar, ta ajiye duwatsun tana haki, gumi yana bin auduga a idonta. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, kalaman da na shirya duk suka gudu. Ta laluba ta kama kunnena ta murɗa, kamar yadda take yi ina ƙarami.

“Angona,” ta ce, “an ce kai ne mai ba makaɗa maki. Nawa ka ba ni?”

Na buɗe baki, sai kuka ya riga ni.